Hatimi a Kan Hatimi: Tsofaffin Kuɗaɗen Ƙarfe Masu Tambari Biyu da Matsalar Auna Darajarsu

Gabatarwa

Iyayenmu da suka yi saye da sayarwa kafin zuwan naira a shekarar 1973 sun san dala, watau sule biyu, kuma har yanzu a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da dala ake lissafi, inda take nufin tamma biyar. Kalmar ba ta Hausa ba ce tun asali. Ta taso ne daga wani kwari mai ma'adinin azurfa a ƙasar Bohimiya, wanda ake kira Joachimsthal, inda aka fara buga wani babban kuɗin azurfa wajen shekarar 1520. Aka riƙa kiran kuɗin da sunan kwarin, sunan ya gajarce ya zama tala a bakin Jamusawa, dola a bakin mutanen Ingila, dala a namu bakin. Haka ma riyal, sunan da Larabawa suka ɗauko daga kuɗin Sifen, mu kuma muka karɓa daga gare su. Waɗannan kalmomi shaida ce cewa manyan kuɗaɗen azurfa sun yi yawon duniya, sun kai inda sarakunan da suka buga su ba su da iko ko na anini.

To, idan kuɗi ya bar ƙasarsu ya shiga hannun mutanen da ba su san sarkin da ke jikinsa ba, ba su kuma iya karanta rubutunsa ba, wa zai tsaya masa? A wurare da dama amsar da aka bayar ita ce a ɗauko ɗan ƙaramin ƙarfe mai zane a bakinsa, a ɗora a kan kuɗin, a buga da guduma. Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin irin waɗannan kuɗaɗe masu hatimi biyu, da dalilan da suka sa aka yi su, da kuma wahalar da masu tara su suke sha wajen auna darajarsu. Abin da nake son in nuna shi ne, ma'aunin da aka saba auna tsofaffin kuɗaɗe da shi ba ya isa a nan, domin kowane ɗaya daga cikinsu shaidu biyu ne a jiki ɗaya, kuma tilas a fara bincika ko maganarsu ta zo daidai kafin a tambayi wanne ya fi kyan gani.

Saboda sauƙin bayani, kuɗin da aka fara bugawa zan kira shi kuɗin asali, tambarin da aka ƙara masa daga baya kuma hatimin bisani. Ya kamata a bambanta wannan da wani abu makusancinsa, watau a sa tsohon kuɗi cikin injin bugu a shafe zanensa baki ɗaya da sabon zane. Wannan zan kira shi bugu a kan bugu. Hatimin bisani ba ya shafe kuɗin asali, wuri kaɗan yake ci, ya bar saura ana gani.

Abin da ya sa ake ƙara hatimi

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Rumawa sun yi ta a kan kuɗaɗen tagulla da suka suɗe, domin a ci gaba da karɓarsu a sansanonin soja. A ƙarni na farko na Musulunci, kafin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinari da dirhami masu rubutun Larabci zalla a ƙarshen ƙarni na bakwai na Miladiyya, Musulmi sun ci gaba da ciniki da kuɗaɗe irin na Rumawa da na Farisa, kuma ana samun wasunsu da ɗan hatimi mai kalma guda: ɗayyib, ko ja'iz, ko lillahi. Mai karatun da ya yi makarantar allo ba ya bukatar fassara. Kalma ɗaya ce take cewa da ɗan kasuwa, karɓi wannan, an duba shi.

Misalin da ya fi shahara wajen masu tara kuɗaɗe shi ne na Ingila a shekarar 1797, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin kusan dukkan matsalolin da za mu tattauna suna cikinsa. A lokacin Ingila tana yaƙi da Faransa. A watan Fabrairu na shekarar wasu sojojin Faransa suka sauka a gaɓar Wales, jama'a suka firgita, suka yi cincirindo a bankuna suna neman a ba su zinariyarsu, har gwamnati ta hana Bankin Ingila biyan zinariya. Kuɗin azurfa kuwa dama ya yi ƙaranci a ƙasar tun da daɗewa. Amma a taskar bankin akwai dalolin Sifen masu yawa, waɗanda ake kira riyal takwas, galibinsu bugun Meziko da Lima da Fotosi, kowace tana da nauyin giram 27 ko kusa da haka. Sai aka kwashe su aka kai gidan bugun kuɗi, aka buga wa kowace ɗan ƙaramin hatimi mai siffar ƙwai, ɗauke da kan Sarki Joji na Uku, daidai wuyan Sarkin Sifen. Hatimin ma ba sabo ba ne, irin wanda ake buga wa kayan azurfa ne don nuna an biya musu haraji. Aka fitar da fiye da miliyan biyu, aka ce kowace ta tafi a sule huɗu da nai.

Mutanen Landan ba su bar abin ya wuce ba tare da zolaya ba. Kuɗinsu na sule biyar sunansa kambi, watau hular sarauta, saboda haka suka riƙa cewa ga kawunan sarakuna biyu amma ba su kai kambi ɗaya ba. Sai dai abin da ya kashe shirin ba zolaya ba ce. Azurfar da ke cikin dalar ba ta kai sule huɗu da nai ba a kasuwa, hatimin ne ya cike gibin. Ke nan duk wanda ya sami dala marar hatimi, ya kuma sami maƙerin da zai sassaƙa masa ɗan ƙarfe mai kama da na gwamnati, ya ci riba da bugun guduma ɗaya. Wasu ma ba su tsaya nan ba, dalar kanta suka ƙera da tagulla suka shafe ta da azurfa. Kafin ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara banki ya janye su. A farkon 1804 aka sake gwadawa da hatimi mafi girma mai kusurwa takwas, shi ma aka kwaikwaye shi nan da nan. Daga nan aka haƙura da hatimi, aka miƙa dalolin ga Matthew Boulton, wanda yake da injunan bugu masu aiki da tururi a Soho kusa da Bamingam, ya yi musu bugu a kan bugu. Duk da haka, idan aka karkata irin wannan dala ga haske, sau da yawa ana hango burbushin rubutun Sifen a ƙarƙashin na Ingila.

A waɗannan shekaru masu masaƙun auduga a Sikotilan, kamar na New Lanark da Catrine da Deanston, su ma sun riƙa buga sunan masaƙarsu da farashi a kan dalolin Sifen suna biyan ma'aikata da su. Wannan hatimi ne na attajiri, ba na hukuma ba, ƙarfinsa bai wuce inda aka san sunan mai shi ba.

Can a Ostireliya matsalar daban ce. Kuɗin da duk ya shigo Sidni, jiragen 'yan kasuwa ne suke ficewa da shi. A 1812 aka kawo wa Gwamna Lachlan Macquarie dalolin Sifen dubu 40, ya kuwa san idan ya sake su yadda suke ba za su shekara ba. Sai ya sa aka huda tsakiyar kowace aka cire ɗan faifai. Zoben da ya saura aka buga masa sunan yankin da shekarar 1813 a gefen ramin, aka ce sule biyar ne. Ɗan faifan kuma aka buga masa nasa tambarin, aka ce sule da taro. Dala ɗaya ta zama kuɗi biyu, jimillarsu sule shida da taro, kuma babu baƙon da zai so ya fita da su tun da a waje ba su kai haka ba. Wanda aka ba aikin, William Henshall, mutum ne da aka koro daga Ingila saboda laifin buga kuɗin jabu. Gwamnan ya san wanda ya san hanya. An daina karɓarsu a 1829, aka narkar da mafi yawansu, waɗanda suka tsira ba su wuce ɗari uku da wani abu ba, shi ya sa a yau guda ɗaya mai kyau takan kai dubban ɗaruruwan dalar Ostireliya a wajen gwanjo.

Wani lokaci kuwa dalilin siyasa ne tsantsa. Bayan ƙasashen Amurka ta Kudu sun ƙwace kansu daga Sifen, kuɗaɗensu masu ɗauke da kalmomin 'yanci suka ci gaba da kwarara zuwa Manila, wadda take hannun Sifen har lokacin. Hukuma ba ta iya hana su ba don babu wasu, ba ta kuma son jama'a su riƙa karanta abin da ke jikinsu. A 1828 ta gwada shafe su da bugu a kan bugu, injin ya kasa jurewa, daga 1832 ta koma ga ɗan hatimi mai kambi da harafin sunan Sarki Fadinan na Bakwai, daga 1834 zuwa 1837 kuma na Sarauniya Isabela ta Biyu.

Na 'yan kasuwar ƙasar Sin ya sha bamban da duk waɗannan. A Kanton da sauran tasoshin kudu, mai canji yakan gwada dala, idan ya gamsu da azurfarta ya buga mata ɗan tambarinsa, harafi guda ko wata alama. Wanda ya karɓa daga gare shi shi ma ya buga nasa. Akwai dalolin Meziko da aka yi wa haka sau da yawa har zanensu ya ɓace, suka lotsa kamar ƙoƙo. Dalar ciniki da Amurka ta fara bugawa a 1873 musamman don kasuwar Sin ita ma ta sha wannan guduma. Sai kuma masu talla da masu neman hakki: kamfanin sabulun Pears ya buga sunansa a kan kuɗaɗen tagullar Faransa ya watsa su a Ingila a shekarun 1880, saboda doka ta hana ɓata kuɗin Ingila amma ba ta ce kome ba game da na waje, matan Ingila masu neman a ba su damar jefa ƙuri'a kuma sun buga takensu a kan fuskar sarki a jikin kwabo kafin yaƙin duniya na farko. Akwai ɗaya a gidan tarihi na Biritaniya, a kan kwabon 1903.

Riyal mai kan mace

A nan ne batun ya iso ƙofar gidanmu. Babban kuɗin azurfar da ya fi yawo a ƙasar Hausa da Barno da Wadai shi ne na Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, mai nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, wanda kashi 833 cikin dubu na jikinsa azurfa ce. Ayarin Tarabulus ne suke kawo shi tare da dalar Sifen. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba ta buga kuɗin ƙarfe nata ba, da wuri ake cinikin yau da kullum, riyal kuwa ya zama ma'ajin dukiya, da guzurin mahajjata, da abin da maƙeran fari suke narkarwa su yi zobe da munduwa da kayan doki.

Wannan riyal yana da wani hali da babu kuɗin da ya kai shi. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Gabas sun saba da shi ba su yarda da wani ba, aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 a jikinsa, ba a sake ta ba. An buga shi a Biyana da Milan da Banis. Daga 1935 aka buga shi a Rum saboda yaƙin da Italiya ta kai wa Habasha, sannan Landan da Faris da Burasal da Bamingam da Bombai suka bi sahu. Saboda haka riyal biyu za su iya ɗaukar shekara ɗaya alhali tsakaninsu akwai shekara ɗari da hamsin. Masana sun yi aiki mai yawa don rarrabe su. Michael Broome ya wallafa nazarinsa a 1972, Walter Hafner kuma ya fito da kundinsa a 1984, duka suna dogara ga ƙananan alamu: yawan duwatsun da ke jikin adon kan sarauniya da na abin maƙale mayafinta a kafaɗa, siffar gashin wutsiyar gaggafa, yanayin haruffa, da ƙirar ɗan gicciyen da ke bayan shekarar. Abin sha'awa, tun kafin masana, 'yan kasuwar Habasha da na Yaman suna duba waɗannan duwatsu na kafaɗa, idan sun shafe su ƙi karɓar riyal ɗin ko su rage masa daraja. Su ma aunawa suke yi, da idonsu da babban yatsa.

To, ana samun wannan riyal da hatimin bisani iri-iri. Wasu ba a shakkarsu, domin akwai dokar da ta kafa su a rubuce: hukumar Fotugal ta sa an buga kambi da haruffa biyu a kan kuɗaɗen waje a tsibiran Azores a 1887, ta kuma yi irin haka a Mozambik a ƙarshen shekarun 1880. Amma akwai wani babban rukuni mai rubutun Larabci, wanda ya ƙunshi masu cewa Alhijaz, da masu cewa Najad, da na Pemba mai siffar kanumfari, da waɗanda ake danganawa ga Jibuti da sarakunan Hadaramaut. Waɗannan sun cika kasuwar masu tara kuɗaɗe a Turai da Amurka daga wajen shekarun 1960, suka shiga kundaye, aka saye su da tsada. Yau yawancin masana suna ɗaukar mafi yawansu a matsayin abin da aka ƙera don masu tarawa. Ana cewa hatimin Alhijaz na zamanin Sharif Husaini ne, bayan ya yi wa Turkawa tawaye a 1916, kuma wanda ake samu a kan ƙananan kuɗaɗen Turkawa ya fi samun karɓuwa. Amma idan aka ga wannan hatimi a kan riyal da alamunsa suka nuna bugun Landan ne ko na Bombai, magana ta ƙare, domin mulkin gidan Sharif a Hijaz ya faɗi a 1925, Landan kuwa ba ta fara buga riyal ba sai bayan shekara goma. Ɗa ba ya girme uwarsa.

Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Wani mai sayar da tsofaffin kaya ya kawo mini riyal mai hatimin Alhijaz, ya ce daga kayan wani tsohon alhaji ya fito, wanda ya je Makka a ƙasa. Labarin ya yi mini daɗi domin ya dace da abin da nake son ji, na biya ba tare da dogon ciniki ba. Sai da na zauna da madubin ƙara girma da kundin alamu na ga riyal ɗin na bugun baya-bayan nan ne. Ban ce mai sayarwar ya san haka ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Abin da na koya shi ne labarin da ya zo tare da kuɗi ba ya cikin shaidun.

Jabu kashi uku ne a wannan fage, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai jabun zamaninsa, kamar hatimin ƙarya da aka buga a Ingila a 1797 don a ci ribar kwabo kaɗan. Wannan shi kansa kayan tarihi ne, ana tara shi da saninsa, ana kuma sayensa. Akwai jabun yau, watau a kwaikwayi hatimi na gaske a buga a kan tsohon kuɗi na gaske don a yaudari mai saye. Sannan akwai ƙagagge, hatimin da babu wata hukuma ko ɗan kasuwa da ya taɓa amfani da shi, wani ne ya zauna ya ƙirƙira shi ya ƙirƙira masa tarihi. Na ukun ya fi wuyar kamawa, domin babu na gaske da za a gwada shi da shi.

Yadda ake aunawa

Ma'aunin da ya mamaye kasuwa a yau na Amurka ne. William Sheldon ya tsara shi a 1949 don tsofaffin kuɗaɗen tagulla na ƙasarsu, daga 1 zuwa 70, daga baya aka faɗaɗa shi ga kowane irin kuɗi. Lamba 1 ita ce kuɗin da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi. Daga 20 zuwa 35 kuɗi ne da ya yi yawo sosai amma manyan zane-zanensa suna nan. Daga 40 zuwa 45 suɗewar ta tsaya a wuraren da suka fi tudu. Daga 50 zuwa 58 ya ɗan taɓa hannu kaɗan, daga 60 zuwa 70 kuwa bai shiga kasuwa ba sam. Kamfanoni biyu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987, su ne suka fi suna wajen duba kuɗi, su ba shi lamba, su rufe shi cikin ɗan akwatin roba.

Tushen wannan ma'auni shi ne tambaya guda: yaya kuɗin ya nisanta daga yadda ya fito daga gidan bugu? Duk abin da ya same shi bayan nan, ko huda, ko yanka, ko lotsawa, ko kankara, aibi ne, kuma kuɗi mai irin wannan aibi ba a ba shi lamba, sai dai a bayyana matakinsa a rubuta aibin. Mai karatu zai ga inda gizo yake saƙa. Bisa wannan ƙa'ida dalar Macquarie kuɗi ne da aka lalata, tun da rami ne a tsakiyarta, alhali ramin ne ya sa ta fi 'yar'uwarta marar rami daraja sau dubu. Mafitar da kamfanonin suka samu ita ce su ba da hukunci biyu, ɗaya ga kuɗin asali, ɗaya ga hatimin bisani. NGC takan ƙara da bayanin ko hatimin ya kama da ƙarfi, ko daidai, ko da rauni. Game da tambarin 'yan kasuwar Sin kuwa an daɗe ana ɗaukarsa aibi tsantsa, har dalar da ke da shi takan faɗi a farashi. Ra'ayi ya sauya a 'yan shekarun nan, an sami masu nemansa musamman, PCGS ma takan ba dalar cinikin Amurka mai irin wannan tambari lamba, ta rubuta cewa tana da shi.

A ganina hukunci biyun nan ya fi amfani idan aka karanta su tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Kuɗin asali ya suɗe sau biyu, kafin hatimi da bayansa. Hatimin kuwa sau ɗaya ya suɗe, kuma da yake a cikin rami yake zaune, gefen ramin yana kare shi. Saboda haka abin da aka saba gani shi ne hatimi ya fi kuɗin asali kyau, ko su yi daidai. Idan aka ga kuɗi sabo fil amma hatiminsa ya dushe, to ko dai bugun bai kama ba, ko ƙarfen bugun ya tsufa, ko kuwa wani ya dusar da shi da gangan don ya yi kama da tsoho. Idan kuma kuɗin ya suɗe ƙwarai amma hatimin yana da kaifi kamar jiya aka yi, wannan bai isa hujja ba shi kaɗai, domin sau da yawa suɗaɗɗen kuɗi ake bugawa hatimi. Sai a juya bayansa.

Bayan kuɗi shi ne inda gaskiya take fitowa. Guduma ba ta sauka a fuska ɗaya ba tare da ta bar alama a ɗayar ba: daidai bayan hatimin akwai wurin da zane ya baje, saboda a nan kuɗin ya dannu a kan maƙera. Idan kuɗin ya yi yawo bayan bugun, wannan wuri zai yi laushi, launinsa ya saje da na kewayensa, ƙananan ƙarce-ƙarcen yau da kullum su ratsa shi. Idan bugun sabo ne, wurin zai yi sheƙi daban, ko a ga an shafa masa wani abu don ya yi duhu. Idan babu wannan wuri sam, akwai yiwuwar kuɗin da hatimin duka zubi ne, a tare aka narka aka zuba su, sai a koma ga sikeli da kuma ƙarar da yake yi idan an ƙyasta shi. Haka nan a duba bakin ramin hatimin. Ƙarfen da guduma ta ture yakan taru ya yi ɗan tudu a gefe, kuma wannan tudu shi ne farkon abin da hannu da aljihu suke cinyewa. A duba ƙarce: wanda ya bi ta kan hatimi ya wuce, bayan hatimi ya zo; wanda ya zo bakin hatimi ya yanke ya ci gaba a ɗaya gefen, ya riga shi. A ƙarshe a gwada zanen hatimin da na waɗanda aka tabbatar, harafi da harafi, domin ƙarfen bugu ɗaya yakan bar tabonsa iri ɗaya a duk inda ya sauka.

Bayan an gamsu da wannan ne lamba take da ma'ana, kuma ko a nan ba ita kaɗai take yanke farashi ba. Irin kuɗin asalin yana da nasa nauyi. Hatimin Joji na Uku a kan dalar Meziko abu ne da ake samu, amma shi ɗin dai a kan babban kuɗin azurfar Faransa ko dalar Amurka ta farko-farko abu ne da ba kasafai ake gani ba, saboda haka suɗaɗɗe daga cikin waɗannan zai fi sabo daga cikin waɗancan tsada nesa ba kusa ba. Wannan kuma shi ne ya sa masu jabu suka fi son irin waɗannan, mai saye ya ƙara sa ido a inda abin ya fi burge shi.

Riyal ɗin da ke gidajenmu

Saura kalma ɗaya game da namu. Mafi yawan riyal da suka rage a hannun iyalai a Kano da Zariya da Katsina da Agadas ba su da hatimin wata hukuma. Alamar da ke jikinsu ta maƙeri ce: an huda su don a rataya, ko an liƙa musu kunne, ko an kafa su a kan zobe. Kamfanin aunawa zai rubuta cewa an lalata su, ya hana su lamba, kuma ta fuskar kasuwa ya yi daidai, da yawansu ba su wuce kuɗin azurfarsu ba. Amma ga mai nazarin al'ada, ramin nan da kunnen nan suna yin aikin da hatimin bisani yake yi, suna faɗin inda kuɗin ya je da abin da aka mai da shi. Da za a tattara irin waɗannan, a rarrabe su bisa alamun Broome da Hafner, za a iya gane waɗanne ne suka zo ta hamada a ƙarni na sha tara, waɗanne ne kuma mahajjata suka shigo da su ta Sudan a ƙarni na ashirin. Wannan aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi da sikeli, da madubi, da haƙurin bin gidaje.

Wanda zai yi shi sai ya riga toka da lemun tsami isa wurin. Al'adarmu ce idan za a nuna wa baƙo azurfa a goge ta sai ta yi fari tas, kuma na ga riyal fiye da ɗaya da aka dirje da yashi saboda an ji malami zai zo dubawa. Duhun da shekaru suka bari a cikin ramin harafi da bakin huda shi ne abin da ake karantawa. Idan za a je gida, a aika tun da wuri a roƙi masu shi su bar shi yadda yake a cikin ƙullinsa.